Jan Kumatu a Kejetiya

Na sauka daga tirotiro da laima a hammata,
sidi arba'in ƙulle a bakin gyale,
na nufi rumfar Anti Adiza,
can bayan masu tukwane.

Na ce, "Ba ni irin na Fusaina,
mai kalar alewar nan."
Ta kama haɓata ta juya ni wajen haske,
kamar mai duba doya kafin ta taya.

"Fusaina fara ce. Ke wankan tarwaɗa,
ƙarƙashin fatarki da wani kore-kore
na mangwaron da ya fara nuna.
Ki shafa wancan, ki fito kamar wadda zazzaɓi ya saki jiya."

Na ɗan ji haushi. Na dai miƙa hannu.

Layi uku ta ja a wuyan hannuna.
Na farko ya kwanta a sama kamar toka.
Na biyu ya cika surutu.
Na uku, kalar tukunyar da ta sha wuta,
da ɗigon manja a cikinsa,
ya shige ya zauna shiru
kamar dama can gidansu ne.

"Ɗan kaɗan," in ji ta, "bisa ƙashin kunci.
Ba katanga kike wa fenti ba."

Ruwa ya tsuge a kan kwanon kasuwa.
A madubinta mai tsaga
na ga fuskar Inna ranar sunan ƙanena,
ta taso daga murhu, tana dariya.

Sai a Aboabo na tuna
canjina na kan teburinta.