Tafintan Zomba

Ni Limbani, bakin aro,
kujerata a tsakiya take.
Dama da ni Mista Ashkom da takardunsa masu jan zare,
hagu da ni mutanenmu su bakwai,
kwat ɗin Gomezgani bai gama sakin warin kurkuku ba.

Tun safe ruwa ke dukan kwanon rufi,
gajimare ya sauko ya haɗiye kan dutsen Zomba,
fankar sama tana ta kewaya wuri guda.

Ashkom ya jera kujerun majalisa kamar mai kasa tumatir:
takwas na masu gonakin shayi,
shida na waɗanda Gwamna ya ga dama,
abin da ya rage, naku.
Sai aka zo kan wa zai jefa ƙuri'a.
Mai samun fam ɗari a shekara, in ji shi,
wanda zai rubuta sunansa ba a riƙe masa hannu ba.

Na buɗe baki in juya da Cinyanja,
harshena ya yi nauyin jiƙaƙƙen bargo.
Kakanninmu ba su bar mana kalmar wannan abu ba.
Sai na ce: Bature zai tankaɗe mu kamar garin masara,
mai laushi ya wuce, tsaki ya tsaya a rariya.

Ashkom ya ga fuskoki sun sauya.
Me ka faɗa musu?
Abin da ka faɗa, ranka ya daɗe.

Gomezgani bai miƙe ba, babban yatsansa ya ɗaga:
Ranar harajin bukka wannan ya ishe ku.
Ranar da jirgi ya kwashi ƙannenmu zuwa yaƙin Bama
ba ku ce kowa ya karanta allo ba.
Yatsan da ya iya biya, ya iya zaɓa.

Na mayar da shi Ingilishi,
amma na rage masa barkono.
Albashina daga aljihun dama yake fitowa,
wanda ya ci ladan kuturu kuwa ya san sauran zancen.
Gomezgani yana jin Ingilishi sarai.
Kallo ɗaya ya yi mini, bai ƙara ba.

Kwana tara ana taya, ana albarka.
Shayi ya yi sanyi a kofuna,
an fita cikin fushi sau biyu, an dawo ta ƙofar baya.
Takwas ta koma biyar.
Aka yafe fam ɗari ga mai rasit ɗin haraji na shekara goma.
Rubutun suna kuwa ya kafe kamar turke,
aka sa hannu a kansa haka nan.
A hoton jarida, kafaɗata kaɗai ta fito.

Ran Asabar na hau motar katako zuwa bakin tafki.
Na tarar da Nachisale, uwata, tana bandar kifi,
hayaƙi ya rina mata ido.
Da wannan kifin ta biya kuɗin makarantata,
rasit ɗinta na cikin gwangwanin madara, ko ɗaya bai ɓata ba.

Me kuka yanke a gidan Gwamna?

Na faɗa mata duka, ban rage komai ba:
ni na wuce rariya, ke kin tsaya.

Ta juya kifi uku kafin ta yi magana.
Yaushe ne zaɓen?
Nan da wata takwas.
Harafi nawa ne a sunana?
Na ƙirga da yatsu. Tara.

Ta sa hannu ƙarƙashin murhu ta zaro gawayi,
ta hura shi, ta goge bayan faranti da gefen zane.
Wata takwas, harafi tara, ta ce,
ka ga ana bin mu ɗaya tun ba mu fara ba.
Zauna.
Kuma kada ka riƙe mini hannu.