Makullin Yana Ƙauyen Farko

A Hakodate, ƙarfe biyun dare,
ƙanƙara ta toshe ƙofar baya.
Sau uku Tsuneo ya hura bakin kaset
kafin tsohuwar talabijin ta yarda ta farka.

Ya isa hasumiya, mai gadi ya ce:
ba makulli, ba shiga.
Makullin kuwa yana ƙauyen farko,
hannun tsohuwar da ke nanata magana ɗaya
shekara talatin ba ta sha ruwa ba.

To, a juya.
Taku bakwai, jemage.
Sara, sara, ya faɗi, tsabar zinariya uku.
Taku biyar, jemage.
Ƙanen na ɗazu ne, ko shi ne ya farfaɗo?
Kiɗan faɗan ya zauna masa a ka
kamar ƙarar taragon da yake tuƙawa da rana,
daga tasha zuwa tasha, je ka dawo.

Babban yatsa ya yi kanta.
Shayin sha'ir ya huce.

Fumie ta leƙo daga ɗaki:
"Ba jiya ka wuce kogon nan ba?"
"Na wuce."
"To?"

Sunan jarumin ba nasa ba ne.
Wansa Norio ne ya rubuta shi suna yara,
ya tsaya a nan, ya ce sai gobe,
teku ba ta maido shi ba.

Akwai yanke ta bayan dutse.
Ya san da ita sarai.
Ya bi ta kogo.
Taku bakwai, jemage.