Fatar Da Ban Feɗe Ba

Ran Laraba Nomau ya kawo ta daga fadamar Kware,
cikin buhun taki, an ɗaure bakin da igiyar rama.
"Mesa ta," in ji shi, "ƙarama ta, amma dubi zane.
Ba ni kuɗin mai in koma gida."

Na auna ta da ido yadda na saba.
Ba ta kai jaka ba, ba ta kai ɗamara ba,
ko fuskar takalmi ɗaya sai da ƙyar.
Na ce a bari ta ƙara girma.
Haka na ce wa Nomau, haka na ce wa kaina.

Na sa ta a akwatin katako bayan rumfa,
da kaskon ruwa, da fasasshiyar tukunya don ɓuya.
Washegari na miƙa hannu.
Ta ja wuya baya, ta lanƙwasa shi kamar ƙugiya,
ta yi huci irin na tayar keken da ƙaya ta huda,
ta kai sara.
Huji goma sha ɗaya a bayan hannuna,
a jere, kamar ɗinkin basilla.
Ba dafi. Jini ne kawai, da kunya.

Ige, autata, ita ta gano.
Ta ce, "Baba, hannunka warin bagaruwa yake,
da warin 'yan'uwanta."
Shekara talatin da biyu ina jima a Shiyar Majema,
ban taɓa sansana tafina ba sai ran nan.

Na koma wanke hannu da sabulun salo har gwiwa.
Na daina zuwa mata ta sama,
shaho ne ke zuwa ta sama.
Na jefa mata tsohuwar singiletina ta kwana a kai.
Na lanƙwasa waya, in shafi bayanta tukuna,
sallama ke nan, ko ba a amsa ba.
In ta haɗiye ɓera, kwana uku ba ruwana da ita.
In idonta ya yi fari kamar an ɗiga nono,
na san ba ta gani, sai in ja da baya.

Maidamma mai shayi ya leƙo ta katanga:
"Gardi ka zama? Wa ya ba ka sha?"
Na ce ba ni da laya, kujera nake da ita.
Bayan isha'i in zauna gefen akwatin,
zafin bazara ya cika gida, an ɗauke wuta,
ina yayyafa ruwa a kan buhu,
ita tana leƙo harshe, tana mayarwa,
tana karanta ni harafi-harafi.

Wata biyu, na ce ai mun saba, na yi gaggawa.
Ta ƙara mini huji bakwai a babban yatsa.
Na koma kujera.

Daren ruwan farko, ƙasa na ƙamshi,
na ajiye hannu a ƙasan akwatin, na manta da shi
ina sauraron kwano.
Sai na ji sanyi yana hawa wuyan hannuna,
nauyi a hankali, mai numfashi.
Ban kama ba. Na bar ta ta bi ta tsakanin yatsu,
hannu bayan hannu, kamar mai saƙa igiya.
Ige ta toshe baki a bakin ƙofa.

Da kaka Nomau ya dawo da wani dillali.
Ya ce, "Yanzu kam ta kai jaka."
Na shiga ɗaki na ɗauko saɓar da ta tuɓe shekaranjiya,
cikakkiya, har da murfin idanu,
ba ta kai nauyin ɓawon albasa ba.
Na ce ga fatar, ita ta bayar.
Dillalin ya hura ta, ta tashi, ya yi tsaki.

Har yau wata rana takan yi mini huci,
in na zo da warin aiki, ko da fushin kasuwa.
Sai in rufe akwatin,
in je in sake wanke hannu.