Yuro Arba'in a Porto

Dona Deolinda ta riƙe mini makulli
wata uku, ina kwance a asibiti,
ta yi wa tumatirina ban ruwa a baranda,
ta ciyar da kyanwata mai baƙin hali.

Yaba kyauta tukwici,
nawa tukwicin Yuro arba'in ne cak.

Na gangara bakin kogin Douro,
ina karanta farashi a jikin gilashi:
kifi ɗaya ya lamushe kuɗin duka,
miya kuwa sai dai a shaƙi ƙamshi.
Can ma ba za ta sake ba,
cokula huɗu, wanne za ta ɗauka?

Na hau tudu, gwiwa na ƙara.
Wurin Custódio, tebur shida,
allo da alli, rubutu a karkace,
direbobin tarago na sharce gumi,
sardin na tiriri a kan garwashi.
"Mutum biyu, har da kofi?"
"Talatin da shida, har da burodi."

Katin kyauta? Bai taɓa yi ba.
Ya yago takarda, ya sa hannu,
man zaitun ya ɗiga a kan sunanta.

Ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau:
"Mutum biyu? To, ɗauko hularka."