Mai Kallon Baya

Ni ne Ilgiz ɗan Safiulla, daga wani ƙauye a gaɓar kogin Kama.
Shekara biyu na yi ina yaƙi
ban taɓa ganin inda za mu ba,
sai inda muka baro.

Wanda ya zana jirgin nan ya san lissafi.
Ya ce sulke ba riga ba ne da za a yafa wa jirgi daga baya,
shi ne ƙashin, shi ne fatar.
Aka lanƙwasa ƙarfe kamar ƙwarya mai zurfi,
aka zuba inji a ciki, silinda goma sha biyu,
aka zuba tankin mai, aka zuba matuƙi,
aka rufe.
Sikeli ya ce kada a ƙara ko taƙi ɗaya.
Ni a bakin ƙwaryar aka ajiye ni,
ta waje,
inda ƙarfe ya ƙare katako ya fara.

Kujerata ɗamarar tamfol ce,
an rataye ta bango zuwa bango kamar ragaya.
Bindiga ɗaya, harsashi ɗari da hamsin,
da bayan Arkadi, wanda nake ji ta cikin farantin ƙarfe
in ya yi tari.
Mutum uku sun riga ni zama a kanta.
Taisiya mai ɗura bama-bamai ta wanke ta da ruwan zafi.
Ba ta faɗa mini ba,
launin tamfol ɗin ne ya faɗa.

Kafin asuba tsoho Yefim kan hura wuta a ƙarƙashin inji,
don mai ya kwana a daskare kamar kitse.
Sanyi ya taɓa manne masa sifana a tafi,
ya fizge, ya tofa yawu, ya ci gaba da ɗauri.
Fistin na farko ya yi kaki,
na biyu ya yi gardama,
sauran goman suka amsa baki ɗaya,
farfela ta ɓace a cikin gudun kanta.

Ƙasa-ƙasa muke bi, cikinmu na shafar kan itatuwa.
Arkadi ke ganin tankoki, da gada, da jerin motoci.
Ni sai an gama nake gani:
hayaƙi,
doki na gudu da rabin amalanke,
wani yaro zaune a dusar ƙanƙara yana duban hannunsa
kamar aro aka ba shi.
Arkadi ya yi aikin, ni aka bar wa kallo.
Shi yana samun barci da dare.

Harsashi in ya bugi ƙwaryar, ƙwal kake ji,
ya koma da kunya.
In wajena ya zo ba ya sallama,
haske kawai zan ga ya shigo ta inda da babu taga.
Wata rana Yefim ya ƙirga huda sittin da ɗaya,
ya dube ni, ya sake ƙirgawa.

Ran da na abokan gaba ya ɓullo ta ƙarƙashin wutsiya,
inda bindigata ba ta iya sunkuyawa,
na zage shi da harshen uwata,
shi ne makamin da ya kai.
Muka faɗi rub da ciki a gonar dankali.
Arkadi ya fito yana kakkaɓe hula.
Ni na bar yatsu biyu da rabin gwiwa
a hannun likita mai warin taba.

Ba na riƙe da mai zanen.
Da bai sa wa injin sulke ba, da dukanmu mun tafi.

Bara jikata Gulsina ta kai ni birni,
inda suka ɗora irinsa a kan dutse, hanci sama.
Yara duk suna gaba, wajen farfela.
Ta ce, kaka, ina ka zauna?
Na ja ta muka zaga baya.
An shafe gilashin da fenti.

Da za mu koma, motar ta cika.
Kujera ɗaya ta rage,
wadda ke kallon baya.