Ruwa a Busasshen Hannu

Baba Davou ya ce, "Kubura, ajiye shuɗin nan.
Wa ya gaya miki ruwa shuɗi ne?"
Na ce, "Kowa."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya nuna tafkin Rayfield da haɓa:
"Kowa bai zo ba yau. Ke kika zo. Duba."

Na duba.
Kore ne, irin na miyar kukar da ta kwana,
baki-baki ja, inda ƙasa ke zaizayewa,
a tsakiya gajimare ya kwanta rigingine,
can ƙasa kuma wani baƙi da ban so kallo ba.
Kakana na cikin waɗanda suka haƙa ramin nan,
kwanon ƙasar kuza a ka, daga asuba zuwa la'asar.
Da masu ramin suka kwashe nasu suka tafi,
sai damina ta zo ta zauna a gurbin.

Allin nan ba irin na makaranta ba ne.
Laushi gare shi kamar dafaffen gwaza:
ka matsa, ya karye,
ka ji tsoro, ya ƙi kama takarda.
Sanda talatin da shida a kwali ɗaya,
kuɗin ɗinkin sati uku na zube a Taminus,
mai shagon na tambaya ko na yara ne.

"Fara da duhu," in ji Baba. "Haske baƙo ne,
sai an share ɗaki yake shigowa."
Ni tela ce, na saba bin layi har ƙarshensa,
shi kuwa so yake in ja, in saki, in ja,
a kwance, kullum a kwance,
in murza da gefen ɗan ƙaramin yatsa.
Na murza, na murza, na ji daɗin murzawa,
har tafkin ya koma taɓo.
Ya ɗaga takardar da yatsa biyu:
"Wannan kunu kika dama. A kawo ƙosai."

Wata na huɗu ya ce sai teku.
Shi ya yi shekara goma sha ɗaya a jirgin ruwa a Ikko,
ni ko Lokoja ban taɓa zuwa ba.
Ya kawo tsohuwar kalanda, ya kawo baho,
ya cika shi, ya girgiza, ya ce in kalli gefen.
Na zana igiyar ruwa ta farko.
Ya daɗe shiru.
"Dutsen Shere ne wannan, kin sa masa farar hula."
Kunya ta kama ni, na miƙa hannu zan yage.
Ya dafe takardar.
"Bar shi. Dutsen ne, amma wanda ya fara faɗuwa.
Karkato masa wuya. Sa kore a cikinsa,
inda rana ke ratsa shi kafin ya fashe."

Farin kumfa shi ne na ƙarshe.
Sau ɗaya ake taɓawa, a ɗauke hannu,
kamar mai gwada zafin dutsen guga.
Na taɓa. Na ɗauke.
Wallahi sai da na ja ƙafata baya,
kada ta jiƙe.

Baba bai ce ya yi kyau ba.
Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga,
ya ce iskar wurin gishiri gare ta,
wannan kuwa babu allinsa a kwali.

Da yamma a Gangare na tsoma hannu a roba,
garin allin ya saki yatsuna, ya bazu,
ruwan ya rine, shuɗi shar,
shuɗin nan da aka hana ni ranar farko.
Na tsaya ina kallo har aka kira magariba.

Gobe Hajiya Tasalla za ta zo karɓar farin leshinta.
Akwai shatin babban yatsana a kafaɗar hagu.
Ban san me zan ce mata ba tukuna.