Bashin Tanko na Jega

Ni ma na sa hannu, kada a ɗora wa wani.
Mu ashirin da bakwai ne magada.
Takarda ta zaga tsakar gida tana neman sunaye,
da ta iso kaina biro ya ƙi rubutu,
sai da na karta shi a tafin hannuna.

Benen katako ne a Yalwa ta Kumasi.
Kaka Sallau ya ɗora shi da ribar goro
tun jirgin ƙasa yana abin kallo.
Ƙasa ma'aji, sama masauki.
Fatake su sauka da ƙurar Salaga a ƙafa,
su ci, su kwana, su yi ciniki,
a ware marsa, a ware minu,
a yayyafa ruwa a ganyen fita, a ɗaure huhu.
Har yau in damina ta jiƙa ginin
ƙamshin daushe yakan fito daga bango
kamar baƙon da ya manta hanyar garinsu.

Amma ku tambayi Gwaggo Tabawa
matakala ta nawa ce ta haɗiye mata ƙafa.
Tun bara da sanda take zuwa alwala.
Ku ƙirga bokitan da muke jerawa in hadari ya haɗo:
sha ɗaya, har da tukunyar tuwo.
Bayi ɗaya, rai arba'in, layi tun asuba.
Wayar lantarki tana tartsatsi bisa kan jarirai,
gara ta cinye ginshiƙi ta bar mana fenti.

Wata malama ta zo daga jami'a da kyamara,
ta shafa ƙofa, ta ce wannan tarihi ne,
kada ku bari a taɓa.
Na ce to, Malama, kwano nawa tarihi zai saya?
Ta yi shiru. Ni ma na ji kunyar bakina,
don ta fi ni gaskiya, na fi ta yoyo.

Mai kuɗin ya ce hawa shida zai yi,
gilashi tun daga ƙasa, shaguna kamar na Kejetia.
Hamidan ɗan ƙanena har ya zaɓi nasa,
zai sayar da waya, zai yi aure.
Wa zai ce wa yaro ya zauna gadin ƙamshi?
Maame Afriyie mai dokunu kuwa tambaya ɗaya ta yi:
shekara talatin teburinta na jingine da katangarmu,
gilashi yana yarda a jingina?

Jiya da dare na shiga zaure da tocila.
Can bayan ƙyaure, inda farar ƙasa ba ta kai ba,
rubutun Kaka yana nan da ajami:
Tanko na Jega, huhu shida, bai biya ba.
Ban san Tanko ba. Ban san ko ɓarayi suka tare shi,
ko kogi, ko dai ya ci ne ya share baki.
Shekara casa'in bango yana jiransa,
bai kai ƙara ba, bai goge ba.

Gobe da hantsi katafila za ta yafe masa.

Na cire sakatar ƙofa na sa a aljihu,
ƙarfe ne mai nauyi, ba ya rufe komai yanzu.
Kasona na sidi yana banki, zan gyara wa Gwaggo ƙafa.
In an gama ginin zan zo in hau har sama,
in duba ko daga can ana hango hanyar arewa.
In wani tsoho ya tsaya a bakin gilashi
yana tambayar gidan Sallau mai goro,
ku turo shi wurina.
Na san adadin, huhu shida ne.
Inda zai ajiye su ne ban sani ba.